Shin bazara ce kakar kamfanin wutar lantarki?

Mai Ƙanƙara na Sabon Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayata ta samo asali ne daga wata gardama da muka yi da yayana jiya bayan sallar isha'i, har muka tashi babu wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Sana'ata a nan Damagaram ita ce sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da zoɓo, kuma ina da firiza uku a shago. Na saba ajiye takardun biyan kuɗin wuta, waɗanda muke kira faktir, kuma da na jera na shekara biyu a gabana sai na ga salonsu ɗaya ne: kuɗin yana sauka a Disamba da Janairu, ya fara hawa a Maris, ya kai ƙololuwa a Afrilu da Mayu, alhali ko ƙwan fitila ɗaya ban ƙara a shagon ba.

Yayana ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, domin kamfanin wuta kamar ni yake, bazara ce kakarsa, kuma duk ranar da zafi ya tsananta ranar murna ce ga masu sayar da wuta. Ni kuwa na ce masa idan haka ne, me ya sa a daidai lokacin da masu saye suka fi yawa ake raba wutar unguwa-unguwa, a ba wannan a hana wancan? Ɗan kasuwar da ya ga ciniki ya buɗe ba ya rufe shago ya tafi gida. Don haka ina roƙon masu ilimin wannan fanni su fayyace mana yadda yanayi yake shafar cinikin kamfanin wuta, kuma ko yawan ciniki a lokacin zafi yana nufin yawan riba.

Tsohon Mai Gyaran Injuna ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Mai Ƙanƙara. Yayanka ya faɗi rabin gaskiya, kai kuma ka tsaya a ƙofar sauran rabin. Zan fara da firizarka, domin abin da yake faruwa a shagonka shi ne yake faruwa a gari baki ɗaya.

Firiza tana kwashe zafi daga cikinta ne tana zubar da shi a ɗakin da take. Idan kana son cikinta ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma shagonka yana digiri 25 a watan Janairu, to tazarar da injin yake fama da ita digiri 43 ce. A watan Mayu, idan shagon ya kai digiri 42, tazarar ta zama 60. Zafin da yake kutsawa ta jikin firizar ya ƙaru, ruwan da kake zubawa domin ya daskare ya zo da ɗumi, kana buɗe murfin sau da yawa saboda masu saye sun yi yawa, sannan injin da kansa ƙwazonsa yana raguwa idan iskar da zai zubar wa zafin ita ma mai zafi ce. Shi ya sa a lokacin sanyi za ka ji injin yana tashi yana hutawa, amma a bazara sai ya wuni ya kwana yana ruri. Kayanka suna nan yadda suke, awoyin aikinsu ne suka ƙaru.

Yanzu ka ɗauki wannan ka shimfiɗa shi a kan Birni da Zango da Garin Malam da sauran unguwanni. Fanka mai cin wat 60, idan ta yi awa 20 a rana tsawon wata, ta ci kilowat-awa 36 (kilowat-awa shi ne ma'aunin da mita take ƙirga wutar da aka sha, wato wat 1,000 na tsawon awa guda), kuma a Janairu ba a ko kunna ta. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilim, mai cin kimanin wat 1,200, idan ta yi awa 8 kowace rana za ta iya kusantar kilowat-awa 288 a wata. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 kuwa, ko ya yi awa 6 kowane dare, bai kai kilowat-awa 2 a wata ba. Wato kilim ɗaya, a cikin awa guda, yana cin abin da fanka 20 suke ci. Saboda haka hasken fitila, wanda ba ya canzawa sosai daga wata zuwa wata, ƙaramin abu ne a lissafin. Abin da yake ɗaga buƙatar gari ya sauke ta shi ne neman sanyi, kuma a garinmu inda zafin rana yake wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, sannan daren Janairu ya sauko kusa da digiri 15, tazarar tana da faɗi ƙwarai.

Sai mu zo kan tambayarka ta rufe shago. Wutar lantarki ba gero ba ce da za a zuba a rumbu lokacin kaka a fito da ita a bazara. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar ake shan sa, kuma idan masu ja suka fi abin da ake samarwa, dole ne a cire wasu daga layi, in ba haka ba injuna su kashe kansu gari duka ya faɗa duhu. Yankin Zinder da Maraɗi ya daɗe yana karɓar wuta daga Najeriya ta layin kilobolt 132 da yake tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa, ban da abin da ake samarwa a nan gida da injuna masu shan mai da kuma abin da ake samu daga wajen matatar man fetur ta SORAZ. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da iyakar da ba zai wuce ba, kuma abin takaicin shi ne zafin da yake ƙara buƙata shi ne kuma yake rage wannan iyakar.

Injin gazuwal, wato mai shan man dizal, yana shaƙar iska ne domin ya ƙona mai, iska mai zafi kuma ba ta da nauyin mai sanyi, sannan ruwan sanyaya injin yana saurin ɗaukar zafi, don haka injin da aka rubuta masa wani ƙarfi a jikinsa ba ya bayar da shi cikakke da tsakar ranar Mayu. Waya ma haka take: turjiyar da alminiyam da tagulla suke yi wa wutar da take bi ta cikinsu tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi, kuma wayar tana miƙewa ta yi ciki idan ta yi zafi. Abin da ya fi wannan muni shi ne asarar da ake yi a waya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar da aka ɗora mata. Idan wutar da take bi ta ninka biyu, abin da yake salwanta ya zama zafi a hanya yana ninka huɗu. Wannan wuta ce da kamfani ya saya ko ya ƙona mai ya samar, amma ba ta isa mitar kowa ba, balle a biya shi. Taransfoma kuma tana dogara ne da sanyin dare domin man da yake cikinta ya huce, a bazara kuwa dare ba ya yin sanyi, kuma a daren ne kowa yake kunna abin da yake da shi. A shekarun da na yi ina aiki, yawancin taransfomomin da na ga sun ƙone, tsakanin Afrilu da Yuni suka ƙone.

A ƙarshe, kada a manta cewa ranar da Damagaram take ƙuna, Katsina da Kano ma suna ƙuna, kuma ruwan tafkin Kainji yana ja baya a ƙarshen rani kafin damina ta sake cika shi, ko da yake mafi yawan wutar Najeriya daga gas ake samun ta. Mai sayar mana yana cikin matsi a daidai lokacin da muke cikin namu.

Malamar Lissafin Kuɗi ta amsa:

Baba Mai Gyaran Injuna ya yi bayanin ɓangaren ƙarfe da waya yadda ya kamata, amma ina ganin ya ɗan rage wa yayan mai tambaya haƙƙinsa, kuma zan so in mayar masa da shi kafin in nuna inda hujjarsa ta tsaya.

Babban kaso na kuɗin da kamfanin wuta yake kashewa ba ya motsi da yanayi. Albashin ma'aikata, bashin da aka ci aka kafa turaku da tashoshi, gyaran layuka da motoci, duk ana biyan su a Janairu kamar yadda ake biyan su a Mayu. Idan aka raba wannan nauyi a kan kilowat masu yawa, abin da ya hau kan kowane ɗaya sai ya ragu. Bayan haka, farashin wutar gidaje a Nijar mataki-mataki ne: akwai rangwamen da aka ware wa masu ƙaramin amfani, sannan farashin kilowat yana hawa idan mutum ya tsallake wani adadi a wata. Zafi yana tura gidaje da yawa daga matakin ƙasa zuwa na sama, saboda haka kuɗin faktir yana hawa fiye da yadda yawan wutar da aka sha ya hau. Ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da Malam Mai Ƙanƙara ya gani a takardunsa, kuma zai iya tabbatarwa idan ya raba kuɗin kowane wata da yawan kilowat ɗin watan. Ta wannan fuska, kamfanin da yake da isasshiyar wuta mai arha a hannunsa lallai yana jin daɗin shekara mai zafi, kuma yayanka bai yi kuskure ba.

Inda lissafin yake juyawa shi ne a kan tambayar nawa kilowat na ƙarshe ya ci kafin a samar da shi. Kowane kamfani yana fara amfani ne da mafi arhar abin da yake da shi, sai buƙata ta ƙaru sannan ya tayar da mai tsada. A tarihin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, tun da aka ja layin Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976, wutar da ake sayowa daga Najeriya ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma kafin 2023 ita ce take ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take sha. Abin da ya haura wannan, sai an ƙona mai. Farashin da mai gida yake biya kuwa ba kamfani ne yake yanka shi yadda ya ga dama ba, hukumar ARSE mai kula da harkar makamashi da gwamnati ne suke tsayar da shi, kuma ba ya hawa da rana ya sauka da dare kamar farashin tumatir a kasuwar Dole. Saboda haka yana yiwuwa ƙwarai a sayar da kilowat na awoyin matsi a ƙasa da abin da aka kashe wajen samar da shi. Kai idan ƙanƙara ta yi wuya kana iya ƙara dala biyar a kan ƙulli, shi kuwa ba shi da wannan damar. Kowa ya ga girman wannan bambanci lokacin da Najeriya ta katse layin a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa lokacin da aka maido da shi a Maris na 2024, ana dab da shiga tsananin bazara, kuma cikin azumi.

Akwai kuma nauyin da ba a gani a faktir. Dole kamfani ya tanadi injuna da taransfomomi daidai da buƙatar ƴan makonnin da suka fi zafi, sannan waɗannan kayan su zauna rabin aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana biyan bashinsu. Ga kuma bambanci tsakanin sayarwa da karɓar kuɗi. Mai mitar da ake biya bayan an sha yana iya ganin faktir ɗin Mayu ta fi ƙarfinsa ya jinkirta, alhali mai kawo gazuwal ba ya jira. Mai mitar kati kuwa ya riga ya biya, amma shi ma idan ya ga kuɗinsa yana narkewa sai ya fara kashe kaya da kansa, don haka aljihu ma yana yi wa ciniki iyaka.

Game da yadda ake auna tasirin yanayi, kamfanoni a ƙasashe da dama suna amfani da wani ma'auni mai sauƙi da zan kira digirin yini. Ana ɗaukar matsakaicin zafin yini a cire wani adadi da aka ɗauka a matsayin daidai wa daida, wanda a Amurka yake kusan digiri 18. Yinin da matsakaicinsa ya kai 34 ya ba da 16, wanda ya tsaya a 22 ya ba da 4. Idan aka tara na wata guda aka kwatanta da cinikin watan na shekaru da yawa, sai a gane nawa ne na ƙarin ciniki ya zo daga zafi, nawa ne kuma ya zo daga ƙaruwar gidajen da aka ja wa wuta. A ra'ayina digiri 18 bai dace da mu ba, domin babu Badamagaren da zai kunna fanka a digiri 20, riga mai kauri zai nema, don haka namu ma'aunin ya kamata ya fara daga sama. Matsala ta biyu ita ce a wurinmu cinikin watan Mayu ba ya nuna abin da mutane suka nema, yana nuna abin da aka iya ba su ne kawai, kuma wanda ya gina hasashensa a kan wannan adadi zai riƙa raina buƙatar gari kowace shekara.

A wasu ƙasashen lamarin a juye yake. A Faransa, inda gidaje da yawa suke ɗumama ɗaki da lantarki, hunturu ne kakar kamfani, kuma saukar digiri ɗaya a lokacin sanyi tana ƙara buƙatar ƙasar da kimanin megawat 2,400. Shekarar da sanyi bai yi tsanani ba, ciniki ya faɗi. Domin kauce wa irin wannan caca, jihar Kaliforniya ta fara raba kuɗin shigar kamfani da yawan abin da ya sayar tun a 1982, ta yadda hukuma take tsayar da abin da ya kamata ya samu a shekara, idan yanayi ya sa ya samu fiye ko ƙasa da haka sai a daidaita a farashin gaba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fara cinikin wasu yarjejeniyoyi masu kama da inshora a Amurka, waɗanda suke biyan kamfani idan yanayi ya saɓa wa abin da aka saba.

Ɗan Mirriya ya amsa:

Kun tsaya a kan bazara kun bar damina, alhali ita ma tana da nata rabon a wannan lissafi. Guguwar ƙura da take gabatar ruwan farko tana karya turaku, tana jefa rassan itatuwa a kan waya, kuma ƙurar da hunturu da rani suka tara a kan kwalaben da suke riƙe da wayoyi tana zama hanyar wuta da zarar yayyafi ya jiƙa ta, sai layi ya katse. Garuruwan da suke ƙarshen dogayen layuka, irin su Magarya da Gure da Tanut, su ne suka fi jin wannan, domin gano wurin da matsalar take kaɗai yana cin lokaci. Kowace awa da layi ya yi a kwance, ciniki ne da ya wuce ba zai dawo ba, ga kuma kuɗin gyara. A shekarar ruwa mai yawa irin 2024, wadda tsohon masallacin Birni ya rushe a cikinta a farkon Satumba, gidan da ya faɗi ya tafi da mitarsa da mai biyan kuɗinta.

Hajiya Malama, ina ganin ma'auninki na digiri ya bar laima a waje. A Agusta zafin yana sauka, amma iska tana da danshi, gumi ba ya bushewa, kuma na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa, wadda take aiki sosai a busasshiyar iskar Afrilu da wuta kaɗan, ba ta da wani amfani a lokacin. Mai hali sai ya koma kan kilim. Sannan akwai ruwan famfo, wanda ake turo mana daga rijiyoyin Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram da famfunan da suke aiki da lantarki, kuma buƙatarsa tana kai ƙarshe a watannin da wutar ta fi ƙaranci.

Mai Ƙanƙara na Sabon Gari ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi lissafin da Hajiya ta ce, kuma lallai kuɗin kilowat ɗaya a faktir ɗin Mayu ya fi na Janairu. Na karanta wa yayana amsoshin, ya riƙe sakin layi na biyu na bayanin Hajiya ya ce shi ya ci gardama, sauran kuwa ya ce zai duba daga baya. Tambaya ɗaya ta rage mini ga Baba: tun da rana ce take jawo matsalar, ashe faifan hasken rana ba zai warware ta ba, ga ni da ma kamfanin?

Tsohon Mai Gyaran Injuna ya amsa:

Zai warware wani ɓangare, ɗana. Faifan yana son haske ne, zafi kuwa yana rage masa ƙarfi da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya haura 25, kuma faifan da yake kan rufin kwano a Mayu yana iya kai digiri 65, wato ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari tun kafin a lissafa ƙurar da ta kwanta a kansa. Duk da haka yana bayar da wuta a awoyin da ofisoshi da shaguna suke kunna kilim, kuma kowane kilowat da ya bayar gazuwal ne da ba a ƙona ba, shi ya sa aka gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018 da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Abin da ba zai iya ba shi ne matsin bayan magariba, lokacin da rana ta faɗi amma bango da rufi suna fitar da zafin da suka sha, sai dai in an haɗa shi da batura, kuma batura su ne tsadar aikin.

Kai kuwa sana'arka ta fi ta kowa dacewa da shi, domin ƙanƙara ita kanta ajiya ce. Idan firizarka ta daskarar da ruwa tun daga hantsi zuwa la'asar da wutar faifai, sanyin zai riƙe har dare muddin murfin yana rufuwa da kyau. Kafin ka sayi komai, ka fara duba robar bakin murfin kowace firiza, ka janye su daga jikin bango da kamar taƙi ɗaya domin iska ta zagaya, ka share ƙurar da take kan ragar bayansu kowane mako, sannan ka rubuto mini wat ɗin da aka rubuta a jikin kowace ɗaya domin in lissafa maka yawan faifan da za su ɗauke su.